Yadda Ake Sayen Tsohuwar Kyamarar Fim da Araha, da Yadda Ake Ba Ta Wuta

Duk wanda ya same ni da maganar yana son tsohuwar kyamarar ɗaukar fim, irin wadda ake ɗura wa fim na gaske a kai shi wanki, ba na fara tambayarsa sunan kamfanin da yake so. Tambayata ita ce: ka san abin da take ci? Cimarta biyu ce, fim da wuta. In ɗaya daga ciki ya ƙare a duniya, abin da ka saya ya zama kayan adon kanta. Na sayi irin waɗannan kyamarori da dama, na tayar da wasu, wasu kuma sun mutu a hannuna, kuma kusan duk asarar da na tafka daga ɗakin batir ta fito.

Kayan da za ka tanada

- Mitar gwajin wuta irin ta masu gyaran rediyo. Mafi araha ma ta isa, kuma ita ce uwar kayan aikin nan.
- Sabbin batura samfurin AA guda shida.
- Ƙaramar tocila mai haske sosai.
- Ƙananan sukundireba irin na masu gyaran agogo.
- Ruwan khal, sifirit, auduga mai tsinke, da guntun sanfefa mai laushi.
- Baƙin salatif mai kauri wanda haske ba ya ratsawa.
- Tsohon kaset ɗin fim ko guntun fim da ya lalace, don gwaji.
- Ƙarfen narka dalma, waya ja da baƙa, da fis. Waɗannan sai in za ka haɗa batir da kanka.

Mataki na 1: Fara da fim, kafin kyamara

Girma uku ne suka cancanci kuɗinka. Na farko Super 8, wanda Kodak ya fito da shi a 1965. Fim ɗinsa yana zuwa a rufaffen kaset mai tsawon ƙafa 50, wato mita 15, ɗauke da hoto 3,600. In kana ɗaukar hoto 18 a sakan ɗaya zai yi maka minti 3 da sakan 20. In 24 ne, minti 2 da rabi. Buɗe ƙofa, jefa kaset, rufe, shi ke nan. Ɗan koyo nan ya kamata ya fara.

Na biyu 16mm, wanda ya fito tun 1923. Hotonsa ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma kwarkwaro mai ƙafa 100 ba ya cika minti 3 a gudun hoto 24, kuma saye da wanki da sikanin duk sun fi tsada. Na uku tsohon 8mm na 1932, wanda ake ɗaukar gefe ɗaya na fim a juya shi a ɗauki ɗaya gefen, sai wajen wanki a tsaga shi biyu. Kyamarorinsa su ne mafi araha, galibinsu kuma ba sa neman batir ko kaɗan, sai dai masu sayar da fim ɗin ba su da yawa.

Sauran ka bar su inda ka gan su, komai kyawunsu: Single-8 na Fuji, 9.5mm na Pathé, Polavision na Polaroid, da kyamarorin 16mm masu cin rufaffen akwatin ƙarfe mai ƙafa 50. Fim ɗinsu ko dai an daina yi, ko nemansa ya zama aiki na dabam. Araha ba ta ado. Haka kuma in mai sayarwa ya ce zai haɗa maka da tsofaffin kaset na Kodachrome, kada ka ƙara ko sisi a kansu, domin wankinsa mai launi ya tsaya tun ƙarshen 2010. Amfaninsu ɗaya ne, gwajin inji.

Gargaɗi ga mai neman 16mm: yawancin fim na yanzu huda ɗaya gare shi, a gefe guda. Wasu tsofaffin kyamarori, musamman na kafin farkon shekarun 1950, haƙoransu layi biyu ne, kuma za su yayyaga fim mai huda ɗaya. Nemi hoton cikin kyamarar ka ƙirga layin haƙoran da idonka.

Mataki na 2: Gane irin wutar da take so

Gida huɗu ne, kuma daga nan ake gane ko arahar ta gaskiya ce.

Masu sifirin, waɗanda ake wanawa kamar tsohon agogo: Bolex H16 ta Suwizalan, Bell & Howell Filmo, Krasnogorsk-3 ta Tarayyar Sobiyet, da Quarz a ɓangaren Super 8. Hannunka ne batirinsu.

Masu AA zalla, irin Canon 310XL da 514XL masu cin batir biyu, ko 1014XL-S mai cin shida. Waɗannan ba su da rigima.

Masu AA don inji, sannan da ƙaramin batirin zaiba don ma'aunin haske, irin Canon Auto Zoom 814 ta farko da yawancin Nizo masu launin azurfa. Suna da gyara, za mu zo kansa.

Masu batirin caji na musamman: Beaulieu 4008 da R16 masu volt 7.2, Canon Scoopic mai kusan volt 12, Arriflex 16S mai volt 8. Batirin da suka zo da shi tabbas ya mutu shekara da shekaru, don haka sa kuɗin sabo a lissafinka tun kafin ka taya.

In aljihu ba nauyi, ni gida na farko ko na biyu nake nuna wa mutum. Ƙaramar kyamara marar suna da ke gudu da batir biyu ta fi shahararriyar da ke kwance tana jiran caja.

Mataki na 3: Bincike kafin ka biya

A shafukan gwanjo na intanet za ka yi ta ganin an rubuta "ba a gwada ba". Sa batir biyu a danna maɓalli ba ya cin minti ɗaya, saboda haka ɗauki maganar a matsayin "an gwada, ta ƙi". Kada ka yi cinikin biri a sama: nemi hoton cikin ɗakin batir a buɗe, da ɗan bidiyon injin yana gudu da sauti. In an ƙi turo maka, ko dai ka taya da farashin matacciya ko ka wuce.

In kyamarar tana hannunka, bi wannan tsari:

1. Buɗe ɗakin batir tukuna. Farin gari ko kore-kore a kan ƙarafan alama ce batir ya taɓa fashewa a ciki. Kaɗan a bakin sifirin yana gyaruwa. In ya bi waya ya shige cikin jikin kyamarar, mayar wa mai ita.
2. Sa batura, buɗe ƙofar fim, danna. Ka ga ƙugiyar da ke jan fim tana hawa da sauka, abin naɗe fim kuma yana juyawa. Saurari sautin: ya zama ɗaya, ba ya hawa ba ya sauka. In inji yana kuka amma babu abin da ke motsi, haƙoran giyar roba ne suka farfashe, cutar da ta addabi ƙananan kyamarori da yawa na wancan zamani. Wannan ba ta da magani mai araha.
3. Ɗauki tsohon kaset, diga alama da biro a kan fim ɗin da ke tagarsa, sa shi, danna na sakan biyu, fitar. In alamar tana nan inda ka bar ta, kyamarar ba ta jan fim.
4. Haska tocila cikin gilashin gaba daga gefe. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce, hazo fari kuma yana kashe kaifin hoto.
5. Leƙa ta maleƙi, juya kyamarar daga taga zuwa lungu mai duhu. Allurar ma'aunin haske ta motsa. In ba ta motsa ba, duba ko akwai wata hanyar saita ƙofar haske, wato ramin cikin gilashi da ke ƙara ko rage hasken da ke shiga, da hannu. In akwai, kyamarar tana da sauran amfani, kuma ka samu hujjar rage farashi. In babu, ta mutu.

A mai sifirin, wana ta har ka ji ta tsaya, danna, ka ƙirga. Bolex mai lafiya takan yi kusan sakan 28 a gudun hoto 24. In ta fara da ƙarfi sai ta yi ta ja da baya tun kafin rabi, man cikinta ya daskare, sai an kai ta wurin mai gyara. Tabbatar kuma akwai kwarkwaron karɓar fim a ciki, kuma bai lanƙwashe ba.

Mataki na 4: Wanke ɗakin batir

Farin garin da batirin alkalin ke bari ɗan uwan soda ne, abu mai tsami ke kashe shi. Jiƙa auduga da ruwan khal, matse ta sosai, goga a kan ƙarfen. Za ka ga yana ɗan kumfa. Maimaita har kumfar ta daina, bi da sifirit, bar shi ya bushe sarai, sannan ka ɗan murza sanfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli. In babu khal, ruwan lemon tsami zai yi. Kada ka tsiyaya ruwa ciki, kuma riƙe kyamarar bakin ɗakin yana kallon ƙasa don kada ɗigo ya gangara wurin wayoyi. Sa safar hannu, garin yana cin fata.

Kyamarori da yawa da aka sayar mini a matsayin matattu wannan kawai suke jira. In har yanzu shiru, ɗora mitar a ƙarshen layin baturan ka ga ko wutar tana isa. Sau da yawa sifirin ɗaya ne ya lotsa, sai a ɗan jawo shi. A masu batir cikin mariƙi mai naɗewa, wayar da ta ratsa gaɓar ce kan tsinke.

Mataki na 5: Baturan AA

Alkalin yana ba da volt 1.5, mai caji samfurin NiMH yana ba da 1.2. A kyamara mai cin shida, bambancin ya zama 9 da 7.2. Yawanci suna gudu lafiya a kan masu caji, wasu kuma sukan yi nauyi ko fitilar gwajin batir ta ce wuta ta yi ƙasa. Gwada da tsohon kaset ka ji da kunnenka.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne batirin lithium mai lamba 14500. Girmansa ɗaya da AA, yana shiga ɗakin daidai, amma volt 3.7 gare shi. Na taɓa ɗauko biyu daga aljihun tebur ban karanta jikinsu ba. Ƙaurin da ya fito daga kyamarar nan har yau ina jin sa. Karanta jikin kowane batir kafin ka sa, kada ka haɗa sabo da tsoho, kuma kana gama aiki ka fitar da su duka.

Mataki na 6: Maganar batirin zaiba

Nan mutane suka fi ruɗewa. Ƙananan baturan zaiba irin PX625 da PX13 suna ba da volt 1.35, kuma ba sa gusawa daga nan har sai sun zo mutuwa. Masu ƙera kyamara sun dogara da wannan tsayuwar, shi ya sa ma'aunin haske da yawa ba su da abin daidaita wuta a ciki. Saboda gubar zaiba aka hana sayar da su a shekarun 1990. A Amurka dokar ta fito a 1996. Ga hanyoyin da suka rage, daga mafi araha:

Batirin na'urar taimaka wa ji, mai lamba 675. Wutarsa kusan 1.4 ce kuma tana tsayawa wuri ɗaya, don haka ma'aunin yana karanta daidai. Ya fi PX625 ƙanƙanta, sai ka sa masa zoben roba ya zauna tsakiya, in tsayi bai kai ba ka cika da ɗan naɗin takardar alminiyum a gefen da ya dace, ba tare da ta haɗe gefe biyun ba. Da iska yake aiki: kana ɓare takardar bayansa ya fara mutuwa, ko ka yi aiki da shi ko ba ka yi ba, cikin 'yan makonni zuwa wata kaɗan. Ɓare shi ranar ɗauka, jira minti kaɗan ya sha iska, sannan ka sa. Ni wannan nake amfani da shi.

WeinCell MRB625 irin wancan ne, an dai yi shi a girman PX625 tun daga masana'anta. Ya fi sauƙin sawa, ya fi tsada, kuma shi ma ba ya daɗewa.

Adafta mai suna MR-9, wadda ake saka ƙaramin batirin azurfa SR43 a ciki ta rage wutarsa zuwa 1.35. Sau ɗaya ake saye. Yi hattara, akwai masu kama da ita da zoben ƙarfe ne kawai, ba sa rage komai. Irin waɗannan da batir 675 suke tafiya.

Wanda ba na so shi ne alkalin 625A, duk da shi ne ke shiga ramin cif-cif. Yana farawa a 1.5 ya yi ta sauka, don haka kuskuren ma'aunin na yau dabam, na wata mai zuwa dabam, ba za ka ma iya koyon gyara shi ba.

In duk babu, rabu da ma'aunin kyamarar. Sauke manhajar auna haske a wayarka, gaya mata ƙarfin fim ɗinka, wato lambar ISO da ke jikin kwalinsa, da saurin marufi, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske. A gudun hoto 24 yawancin kyamarori suna kusa da 1/50 na sakan, a gudun 18 kusa da 1/40. Bolex mai maleƙi ta cikin gilashi tana cinye wani ɓangare na hasken, don haka a gudun 24 ana lissafa mata 1/80. In wayar ma babu: fim mai ƙarfin 50, rana tsaka mai ƙarfi, gudun 24, sa ƙofar haske a 16. Gajimare ya rufe, sauko zuwa 8.

Mataki na 7: Tayar da masu batirin caji

Kafin ka taɓa waya, samo littafin kyamarar ka tabbatar da abu biyu: volt nawa, kuma wane baki ne fositif. Juya su sau ɗaya ya isa ya ƙone allon wuta wanda ba a ƙera irinsa yau.

Hanya ta farko ita ce sabunta cikin tsohon batirin. Buɗe kwanson a hankali, ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka cire komai, fitar da matattun ƙwayoyin NiCd, wato ƙananan baturan caji na dā da ke jere a ciki, sa sabbin NiMH masu girma ɗaya. Lissafin ba wuya: kowace ƙwaya 1.2, shida sun ba da 7.2, goma sun ba da 12. Sayi masu kunnen ƙarfe a manne, ka narka dalma a kan kunnen, domin zafi kai tsaye a jikin ƙwaya yana lalata ta. Tsofaffin kuma guba ne, a kai su inda ake karɓar matattun batura.

Beaulieu 4008 tana da tarko a nan. Batirinta baki uku gare shi: 7.2 na inji, 3.6 da aka ciro daga tsakiyar ƙwayoyin, da na negatif. Wanda ya haɗa waya biyu kawai zai ga inji yana gudu amma wani ɓangaren kyamarar yana barci, ya ɗauka ta lalace.

Hanya ta biyu, wadda ta fi araha kuma ta fi daɗewa a wurin ɗauka, ita ce batir na waje da ake ratayawa a ƙugu. Mai neman 7.2 zai gamsu da fakitin NiMH na motocin wasa masu rimot, ko gidan AA mai ɗaukar shida da ka cika da masu caji, amma 4008 sai ka ciro mata 3.6 ɗin nan daga tsakiya. Mai neman 12 zai yi aiki da ƙaramin rufaffen batirin dalma irin na na'urar UPS mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke. Yana da nauyi, amma ba ya gardama. Arriflex 16S tana tafiya da lithium mai ƙwaya biyu, wanda cikarsa 8.4 ce. A kyamarori masu soket ɗin XLR mai fil huɗu, abin da aka saba shi ne fil na 1 negatif, na 4 fositif, amma kyamarar da ta yi shekara hamsin ta bi hannaye da yawa, don haka gwada da mita.

Kurakurai uku nake yawan gani. Na farko, rashin fis. Sa shi a kan jar waya kusa da batirin, kullum. Na biyu, ɗauko batirin kyamarar bidiyo na zamani mai rubutun 14.4 a jona wa tsohuwa mai 12, alhali in ya cika yana kai wa 16.8. Sai da na'urar rage wuta a tsakani. Na uku, dogara da fawa-bankin waya da ɗan allon ɗaga wuta. Ƙaramar Super 8 za ta iya yarda, amma injin 16mm yana fizgar wuta mai yawa a lokacin tashi, sai fawa-bankin ya ɗauka matsala ce ya kashe kansa. Sannan kada ka yi cajin sabbin ƙwayoyi da tsohuwar cajar da ta zo cikin jakar. Kowane irin batir da cajarsa.

Mataki na 8: Kula da mai sifirin

Wana ta bayan kowace ɗauka, ko da gajeriya ce, don kada ta tsaya maka a tsakiyar abin da ba zai maimaitu ba. Ka ji ta yi tauri, tsaya. Kada ka gudanar da ita a babban gudu irin 48 ko 64 babu fim a ciki. In za ka ajiye ta, bar sifirin ya warware tukuna. A Krasnogorsk-3, 'yan robobin da ke lanƙwasa fim sama da ƙasan taga, wato ramin bayan gilashi inda haske ke faɗa wa fim, sun yi suna wajen karce shi, shi ya sa da yawa ke cire su su riƙa lanƙwasawa da hannu.

Mataki na 9: Kaset ɗin gwaji

Kada ka kai sabuwar tsohuwar kyamara wurin abin da ke da muhimmanci kafin ka ƙona mata fim ɗaya. Zaɓi fim negatif, wanda hotonsa ke fitowa a juye bayan wanki, irin Kodak Vision3 50D na rana ko 200T na hasken fitila, domin yana yafe kuskuren haske fiye da Ektachrome 100D ko Tri-X. A jikin kaset ɗin Super 8 akwai tsaga da ke gaya wa kyamara ƙarfin fim, kuma ƙananan kyamarori da yawa 40 da 160 kawai suka iya karantawa. Fim 200T za su ɗauke shi 160, ba laifi. Shi kuwa 500T zai sha haske fiye da kima in ba ka saita da hannu ba.

Duba maɓallin filta: alamar rana tana nufin filta mai ruwan lemo tana ciki, alamar ƙwan fitila tana nufin an janye ta. Fim mai harafin T a waje da rana yana son filtar. Mai harafin D ba ya so. Daidaita maleƙi da idonka kafin komai: zuƙo zuwa ƙarshe, sa nisa a kan mafi nesa, juya zoben maleƙin har abin da ke can nesa ya fito tar.

A 16mm, ɗura fim a inuwa mai duhu, gudanar da ɗan kaɗan ƙofa a buɗe ka ga lanƙwasar sama da ta ƙasa ba sa taɓa bango, rufe, sannan ka bi gefen ƙofar da baƙin salatif. Ɗauki abu a rana, a inuwa, kusa, nesa, da kowane gudu, kana rubuta saitin kowanne a takarda ka nuna wa kyamarar kafin ɗaukar. In fim ya dawo daga wanki, layi tsaye da ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe karce ne daga taga, sai a goge ta da auduga da sifirit. Ja-ja ko ruwan lemo a gefe haske ne ke shiga ta ƙofa, ƙara salatif. Hoto mai tsalle yana nuna lanƙwasa ta ɓace ko ƙugiya ta gaji. In kuma haske yana ƙyaftawa, yana ƙaruwa yana raguwa a ɗauka ɗaya, injin ne ba ya gudu daidai, sai ka koma ɗakin batir da mitarka ka auna wutar yayin da kyamarar ke gudu da fim a ciki, domin batir mai rauni yakan nuna cikakken volt in yana hutawa.